Cajin Kati a Shagon 'Yar Malam

Takardar da ke manne a ƙofar shagon Ikilima ba ita ta rubuta ta ba. Alhaji Sada ne, mai shagon da ke jikin nata, ya kai aka buga guda goma sha ɗaya a wurin masu kwamfuta na bakin tasha, ya raba wa duk masu shagunan layin. Abin da ke ciki bai da yawa: duk mai biya da kati ko tiransifa zai ƙara naira ɗari a kan kowace dubu biyar.

Lokacin canjin kuɗi aka yi wannan, sa'ad da takardar naira ta yi wuyar gani a Daura, har magidanci yakan wuni a bakin banki ya koma gida da dubu biyu. A lokacin ba wanda ya yi gardama, don mai neman abin sawa a tukunya ba ya tsayawa jayayya a kan ɗari. Daga baya kuɗi suka dawo hannun jama'a, layin banki ya watse, amma takardar ta ci gaba da zama inda take. Rana ta cinye launinta, sau biyu Ikilima tana sake manna ta.

Ikilima 'yar Malam Abdulmuhaimin ce, wanda ke ba da karatu a zaurensa kullum bayan la'asar. Mijinta, Hussaini, shi ya buɗe shagon, yana sayar da shinkafa da taliya da man gyaɗa da sukari, sai gero da wake da yakan saro daga kasuwar garin Babban Mutum. Da ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, danginsa suka so a sayar da kayan a raba gado. Ta yi shiru har ta fita takaba, sannan ta ce rabon marayu a bar shi cikin shago, ita za ta juya. Mahaifinta bai hana ba, bai kuma taɓa taka ƙafarsa wurin ba. Duk wata takan aika masa da sukari da ganyen shayi da sabulu har gida, shi kuma ya aiko da albarka.

Wani ƙarshen wata, wani mutum mai suna Hafizu ya zo sayayya. Ma'aikacin ƙaramar hukuma ne a Dutsi, amma iyalinsa a Daura suke, kuma ya daɗe yana saye a shagon. Ya ɗauki buhun shinkafa da jarkar mai da katan ɗin taliya, ya miƙo kati. Ikilima ta danna na'urar POS, ta juyo masa da ita. Ya duba, bai sa lambarsa ba.

"Hajiya, wannan ɗorin fa?"

"Cajin kati ne, Yallaɓai. Ga shi nan a ƙofa."

"Na san da takardar. Lokacin da babu kuɗi a gari mun haƙura. Amma ƙanen matata wannan sana'ar yake yi, ya gaya mini abin da na'urar ke cira. Ko rabin wannan bai kai ba."

Ikilima ta ajiye biron da ke hannunta. Ba wannan ne karo na farko da aka yi mata maganar ba, amsar ma ta zauna mata a baki. Ta ce na'ura ba iska take sha ba, sai an sa mata data, sai an kai ta caji in babu wuta. Ta ce akwai ranar da sabis zai ɗauke, kuɗin mutum ya fita, ita bai shigo mata ba, ta yi mako tana zirga-zirga. Ta ce manomin Babban Mutum ba ya sanin tiransifa, tsaba yake so a hannunsa, ita ma sai ta biya mai POS kafin ta cire abin da za ta saro gero da shi.

"To duk wannan ni na jawo?" in ji Hafizu. "Albashina a banki ake zuba shi. In na je na ciro a caje ni, in na kawo kati a caje ni."

"Haka duk layin ke yi, Yallaɓai."

Ya sa lambarsa, takarda ta fito, ya tsayar da mai Keke Napep aka loda kayan. Bai yi sallama ba.

Hafizu yana cikin masu zuwa zauren Malam Abdulmuhaimin duk Asabar da Lahadi. A wannan Asabar ɗin, da aka rufe littafi aka ba da damar tambaya, ya ɗaga hannu. Ya ce mene ne hukuncin ɗan kasuwar da zai sa wa kaya farashi, in ka zo biya da kati ya ɗora maka wani abu a sama. Malam ya ce in abin da na'urar ta ci daga gare shi ne kawai ya ɗora, ya kuma faɗa tun kafin a ƙulla ciniki, akwai sassauci. In kuwa ya mai da abin wata ƙofar riba, yana karɓar kuɗin da bai ba da komai a madadinsa ba, to wannan cin dukiyar mutane ne ba bisa haƙƙi ba, kuma wanda ke yi ya ji tsoron Allah.

"Allah gafarta Malam," in ji Hafizu, "a shagon Hajiya Ikilima aka yi mini."

Wani daga cikin ɗaliban yana naɗar karatun a waya, kamar yadda ya saba don masu nisa. Bai yanke wannan wurin ba. Kafin Litinin muryar ta zaga unguwa, da tambayar, da amsar, da sunan Ikilima, da dogon shirun da ya biyo baya wanda ba a jin komai a ciki sai tarin wani dattijo.

Alhaji Sada ne ya kunna mata. Ya tsaya a bakin kanta da wayarsa a hannu har muryar ta ƙare.

"Kada ki damu," ya ce. "Kwana biyu za a yi a manta. Malam bai san kasuwa ba. Ke dai kada ki taɓa takardar nan, don tare muka yi magana mu goma sha ɗaya."

Ikilima ta ce ta ji. Ta ci gaba da ƙulla sukari a leda. Ta yi tsammanin mahaifinta zai aiko a kira ta gida, ta ma shirya abin da za ta faɗa. Ba a aiko ba.

Ranar Talata da hantsi tana auna wa wata mata wake sai ta ji sallamar mahaifin nata. Ta ɗago ta gan shi a ƙofa da farar riga da lemarsa a naɗe, yana karanta takardar da yatsa a hankali, don boko bai zauna masa sosai ba. Ta saki kwanon, ta fito ta durƙusa.

"Baba, da kanka? Ai da ka aiko."

"Tashi, Ummi." Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. "Sayayya na zo. Ba ni sukari kwano ɗaya, da madara gwangwani biyu, da ganyen shayi."

"Na watan nan ya ƙare ne? Bari in haɗa a kai gida."

"Saye na ce zan yi."

Ta haɗa kayan a leda. Ya sa hannu a aljihu ya fito da kati, wanda ɗansa da ke aiki a Katsina ya buɗe masa asusu ya kawo masa. Tare da katin akwai 'yar takarda da ya rubuta lambar sirrin a jiki da ajami. Ikilima ta ce ita ba za ta karɓi kuɗinsa ba. Ya ce to ta mai da kayan. Matar da ke jiran wake ta ja gefe tana kallo. Ikilima ta ɗauko na'urar ta danna kuɗin kayan daidai, ta miƙa masa.

"Nawa kika sa?"

Ta faɗa masa.

"Ina na takardar?"

"Haba Baba."

"Na karanta, ta ce duk mai biya da kati. Ban ga inda aka ce ban da mahaifin mai shago ba. Ko ni ba na cikin duk?"

Ta tsaya da na'urar a hannu. Sannan ta fara yi masa bayanin da ta yi wa Hafizu, na data da caji da sabis da manoman Babban Mutum. Ya saurara har ta kai ƙarshe, bai katse ta ba. Da ta gama ya ce, "Abin da kike karɓa a wata, da abin da duk waɗannan ke ci a wata, wanne ya fi?"

Ta sunkuyar da kai. "Abin da nake karɓa."

"To. Ni ban san kasuwa ba, Ummi, kin fi ni saninta. Abin da na sani, mudu ɗaya ake auna wa kowa da shi. Sa mini abin da kike sa wa mutane."

Ta goge ta sake dannawa da ƙarin ɗari. Ya duba 'yar takardarsa, ya danna lambobin ɗaya bayan ɗaya, rasit ya fito, ya ninke shi ya sa a aljihu. Ya ɗauki ledarsa da kansa, ya ƙi yarda a kai masa.

Washegari a daidai wannan lokacin ya dawo. Sabulu ya saya da ashana, ya biya da kati, ya sa ta ɗora ɗarin. Ya zauna a bencin ƙofar shago ya huta kamar minti goma a ƙarƙashin takardar, masu wucewa suna rusunawa suna gaishe shi. Ranar Alhamis ya sake zuwa ya sayi gishiri. A ranar masu shagunan layin duk sun fito bakin ƙofofinsu, kowa na yin kamar yana gyara kaya. Bai yi wa kowa wa'azi ba, bai kuma sake ta da maganar da ita ba. Da ya tashi zai tafi, Ikilima ta fito ta sa hannu ta ɓalle takardar, ta ninke ta ta jefa a kwalin shara. Ya ga abin da ta yi, ya buɗe lemarsa, ya ce ta gaida yara.

Alhaji Sada ya zo bayan azahar, ransa a ɓace.

"Kin karya mana magana, Hajiya. Yanzu duk wanda ya shigo shagona sai ya ce mini ga 'yar Malam can ta cire."

"Alhaji, mahaifina ne. Kwana uku yana zuwa shagon nan. Kai ka gani."

"Na gani. Amma ba shi zai biya miki kuɗin haya ba."

Mako biyu bai yi mata magana ba, sai gaisuwar da ba makawa.

Labari ya bazu cewa a shagon 'yar Malam ba a cajin kati. Ma'aikata da malaman makaranta da 'yan sanda, duk masu albashin banki, suka juyo wurinta. Hafizu ma ya dawo, ya gaishe ta da fara'a kamar ba a yi komai ba, ita ma ta amsa haka. Kaya suna fita fiye da da. Sai dai kusan duk cinikin a cikin na'ura yake tsayawa, aljihun tebur ba komai. Ranar kasuwar Babban Mutum in za ta je saro hatsi, sai ta tsaya wurin mai POS na bakin tasha ta cire kuɗi masu yawa, shi kuwa ba ɗan malam ba ne, cajinsa cikakke yake karɓa. Wata biyu aka yi a haka, ta ga tana gudu ne a wuri ɗaya. Shago cike da mutane, kuɗin makarantar yara kuwa sai da ta taɓa jari.

Ba ta yi shawara da kowa ba. Wata safiya kafin ta buɗe ƙofa ta bi kayan ɗaya bayan ɗaya ta ɗan taɓa farashinsu. Ashirin a kan ludayin mai, hamsin a kan kwanon wake, goma a kan ƙullin sukari da na gishiri. Ta zaɓi ƙananan abubuwa ne saboda su suka fi fita, kuma a lokacin komai tashi yake yi kullum, ba mai tambayar dalili. Masu kati ba su lura ba. Suna miƙa kati, su ga ba a ɗora komai ba, su yi godiya su tafi.

Wadda ta lura ita ce Nana mai awara. Tsohuwa ce da ke suya a bakin makarantar firamare ta bayan layin, ba ta da asusu, ba ta da waya. Kullum da safe takan zo da 'yar kwalbarta da kuɗin cinikin jiya a ƙulle a bakin zane, ta sayi mai ludayi huɗu da waken suya da gishiri. A ranar ta kwance ƙullin, ta zube kuɗin a kan kantar shagon, Ikilima ta ce saura.

"Saura me? Jiya haka na ba ki."

"An ƙara, Inna."

"Jarkar nan ai ita ce ta jiya. Ga inda ta tsaya, na gani da idona. A cikin jarka man ya yi tsada?"

Nana ta ce a rage ludayi ɗaya. Ta yi kwana huɗu tana zuwa tana sayen uku, rana ta biyar ba ta zo ba. Aka ce an gan ta tana takawa har cikin kasuwa da kwalbarta, tafiya mai nisa ga mai ciwon gwiwa.

Ranar Juma'a da yamma Ikilima ta rufe shago da wuri ta tafi gidansu. Ta tarar da mahaifinta a tsakar gida a kan buzu, yana gyara ɗaurin wani tsohon littafi. Ta gaishe shi, ta zauna a gefen tabarma, ta gaya masa duk abin da ta yi, ba ta rage ba. Ta ce takarda ta fita daga ƙofa amma ta shiga cikin kwano.

Ya ajiye littafin. "Farashin a fili yake? Mai saye ya ji, ya yarda, sannan ya biya?"

"A fili yake."

"To ta fuskar hukunci ba ki yi laifi ba. Mai kaya shi ke sa wa kayansa kuɗi."

"Na sani, Baba. Amma da mai albashi ke biya. Yanzu Inna Nana ke biya masa, ita da ko katin ba ta taɓa riƙewa ba."

Malam ya ɗauki zaren ɗaurin ya nannaɗe a yatsa, ya warware.

"Abin da aka tambaye ni na amsa," ya ce, "kuma ko yau aka sake tambaya haka zan faɗa. Amma ban bi kuɗin na ga inda za su faɗa ba. Wannan ban yi ba." Ya dube ta. "Me kike so ki yi?"

"Ban sani ba. In na mai da takarda, an ce 'yar Malam ta ci amanar ubanta. In na bari a haka, ga abin da ke faruwa."

"Ba zan ce ki mai da ita ba. Sauran kuwa, ke ce a cikin shagon."

Ta jira ko zai ƙara wani abu. Ya koma kan littafinsa. Ta shiga ciki ta gaida mutan gida, ta tafi kafin magariba.

Abin da ta yi daga baya ba wani abin a zo a gani ba ne. Ta mai da ludayi da ƙulli da kwano farashinsu na da, ta kwashe ƙarin ta ɗora a kan buhu da katan da jarka, kayan da masu kati suka fi ɗauka. A nan kuwa an lura, don mai sayen buhu yana zagaya shaguna uku kafin ya tsaya. Wasu suka koma wurin Alhaji Sada, wanda a lokacin shi ma ya cire tasa takardar ba tare da ya gaya wa kowa ba. Cinikin Ikilima ya koma kusan yadda yake tun farko, ribar ta ɗan gaza ta da. Ta daina zuwa Babban Mutum da kanta kowane mako, ta samu wani dillalin hatsi da ke karɓar tiransifa yana aiko mata da kaya a mota, ko da yake waken nasa bai kai wanda take zaɓa da hannunta kyau ba. Malam bai sake zuwa shagon ba, ta ci gaba da aika masa da sukari da shayi duk wata.

Ta aika wa Nana da saƙo ta bakin wata maƙwabciyarta cewa mai ya koma yadda yake. Sai da aka yi mako guda tsohuwar ta zo. Ta ajiye kwalbar a kan kantar shagon, ta tsaya tana kallon ludayin har aka zuba huɗu, ta ɗaga kwalbar ta duba a haske.

"Inna, yanzu sai awara ta koma girmanta," in ji Ikilima, don ta ji an ce tun da aka ƙara kuɗin mai Nana ta rage yankan.

"Wa ya gaya miki?" Nana ta ɗaure bakin zanenta. "Wata guda ina yanka ta ƙanana, ba wanda ya ce uffan. A haka za ta zauna."

Ta ɗauki kwalbarta da ledar wake, ta sauka daga dakalin a hankali saboda gwiwa, ta nufi bakin makaranta. Ikilima ta rufe jarkar, ta juya ga mai jiran taliya.